Rarar zare da guntun zare: neman sunan abin da ya saura bayan an gama saƙa

Duk mai saƙa, ko da kwarashi take yi ko da tsinke biyu, tana da wata jaka da take tara zaren da ya saura bayan ta gama hula ko rigar sanyi ko safar jariri. Littattafan koyon saƙa na Turanci suna kiran wannan zare "scrap yarn", kuma na daɗe ina neman yadda za mu kira shi da Hausa, domin idan ana koya wa wata saƙa ba ya yin daɗi a yi ta cewa "wancan ɗan abin da ya rage".

Kalmomin da suka fara zuwa mini ba su zauna ba. Ƙyalle na yadi ne, tsumma kuwa abin da ya tsufa ne har ya mutu, alhali wannan zare sabo ne fil, ba a taɓa saƙa shi ba. Burbushi ya yi ƙanƙanta da yawa. "Sauran zare" daidai ne a ma'ana, sai dai yana iya nufin duk zaren da ba a kai ga taɓawa ba tukuna, har da dunƙulen da ba a ɓare takardarsa ba. Da na yi shawara da wasu masu saƙa, "ragowar zare" ce ta fi samun goyon baya, kuma ban ce kuskure ba ce, amma a kunnena ragowa tana ɗauke da ɗan raini, kamar abin da wani ya gama da shi ya ture gefe.

A nan ne na lura cewa abu biyu ne muke ƙoƙarin cusawa cikin kalma ɗaya, kuma sikeli ne yake raba su. A jikin takardar da ake naɗe dunƙulen zare da ita ana rubuta nauyinsa da tsawonsa. Idan an rubuta giram 100 da mita 200, kowane giram yana ɗauke da mita 2 ke nan, saboda haka idan aka ɗora abin da ya saura a kan ƙaramin sikeli ya nuna giram 35, an san akwai kimanin mita 70 a hannu. Wasu kamfanonin da yadi da oza suke rubutawa, sai a tuna cewa yadi ɗaya bai cika mita ba, kusan santimita 91 ne, oza ɗaya kuma ta ɗan haura giram 28. Wanda bai yarda da lissafin takarda ba yana iya auna zaren, ya saƙa layi 10, ya sake aunawa. Idan giram 6 suka tafi daga cikin 35 ɗin nan, giram 29 da suka rage za su ba da layi 48 ko kusa da haka, muddin faɗin aikin bai canja ba kuma hannu bai sauya tsauri ba. Wannan gwajin ya fi muhimmanci ga mai kwarashi, domin galibi kwarashi ya fi tsinke cin zare.

To, zaren da za a iya yi wa irin wannan lissafi har a tsara masa aiki, shi nake ganin ya dace a kira "rarar zare". Mun riga mun san rara a maganar kuɗi, wato abin da ya yi saura bayan an biya bukata, kuma ba wanda yake raina rarar kuɗi. Wanda kuwa bai kai a auna shi ba, wato taku biyu ko uku da ake yankewa a ƙarshen aiki, shi ne "guntun zare", jam'insa "guntayen zare". Yawancin ƙananan sikeli giram ɗaya ɗaya suke ƙirgawa, don haka idan zare bai wuce giram 4 ko 5 ba, kuskuren giram guda ya isa ya ɓata lissafin gaba ɗaya. Irin wannan ba a tsara masa aiki, sai dai a ɗinke gefe da shi, ko a yi alamar layi, ko a cusa shi cikin 'yar tsana.

Akwai wadda ta ce mini rara ba ta cika rara ba idan takardarta ta ɓata, kuma tana da gaskiya ta wani gefen. Ana iya gano tsawon ta hanyar auna mita 10 a ɗora a sikeli, kaurin kuma ta hanyar naɗa zaren a jikin rula a ƙirga zagaye nawa ya cika inci ɗaya, sannan a duba inda ya faɗa a matakan kauri daga 0 zuwa 7 da ƙungiyar Craft Yarn Council ta Amurka ta tsara. Abin da ya fi wuya shi ne sanin asalin zaren. Na taɓa haɗa rara kala bakwai na saƙa bargon yaro mai murabba'ai, kowace kala da nata, ban san biyu daga ciki ulu ne na gashin tumaki ba. Wankin farko da ruwan zafi, waɗannan murabba'ai suka tsuke suka yi tauri, na roba kuwa suna nan yadda suke, bargon ya koma kamar an tattare bakin jaka. Tun daga ranar nake ƙona ɗan guntu kafin in haɗa: ulu yana warin ƙonannen gashi, auduga tana warin takarda, na roba kuma narkewa yake yi ya dunƙule. Ashe ko a nan guntu yana yi wa rara aiki.

Saura kalma ɗaya da ban gama yanke hukunci a kanta ba. Masu saƙa da Turanci suna cewa "yarn chicken" idan mutum ya ci gaba da saƙa yana kallon dunƙule yana ƙanƙancewa, bai san ko zai kai shi layin ƙarshe ba. Fassara ta kai tsaye, wato "kazar zare", ba ta da ma'ana ko kaɗan, tun da babu ruwan kaza a ciki. Ni dai "tsere da zare" nake cewa, wata abokiyar saƙata kuma ta fi son "cacar zare", kuma har yanzu ba mu daidaita ba.