Daga ƙofar kuɗi zuwa teburin ƙarshe: me ke faruwa da ku a nan?

Dogon_Zama:
Jama'a barkanku da warhaka. Wata takwas ke nan ina buga manyan gasannin foka (poker, wasan kati na caca) na intanet, irin waɗanda mutum dubu biyar ko fiye ke shiga. Matsalata ɗaya ce kullum. Ina kaiwa inda ake fara biyan kuɗi, amma da ƙyar, tulin tsabar wasa da ke gabana bai wuce babban zubi takwas ko tara ba (babban zubi shi ne mafi girma cikin zubin dole biyu da ake sakawa kafin a raba kati, da shi muke auna tuli). Bayan minti ashirin sai a yi waje da ni, in karɓi ɗan abin da bai ma kai ninki biyu na kuɗin shiga ba. Teburin ƙarshe kuwa sai dai in yi kallo. Ba karatu nake nema ba. Wanda ya taɓa wuce wannan wurin ya faɗa mana abin da ya same shi da abin da ya canza.

Kurman_Tebur:
Ɗan'uwa, kamar labarina kake bayarwa. Shekara guda na yi a haka. Da zarar na ga saura mutum ɗari a shiga kuɗi sai in naɗe hannu, ko me aka raba mini in jefar, in dai ba AA ko KK ba, wato katuna biyun da aka raba mini su zama A biyu ko K biyu, waɗanda suka fi kowane hannu ƙarfi. Ina ganin dabara nake yi, ashe ciyar da maƙwabtana nake.

Ranar da idona ya buɗe, na iso wurin da zubi 31. Wani da ke hannun damana ya riƙa ƙari a kusan kowane hannu, sau ɗaya ma ba a ga katinsa ba. Kafin a shiga kuɗi na koma zubi 17, shi kuwa ya kusan ninka tulinsa. Daga baya na zauna na lissafa. In ka ƙara zuwa zubi 2.2, abin da ke tsakiya kafin ka taɓa komai ya kai zubi 2.5, wato ƙaramin zubi da babba da kason da ake cire wa kowa. Ke nan ko da takardar banza ce a hannunka, in suka jefar sau 47 cikin 100 ka fita kunya. A ƙofar kuɗi kuwa masu tsaka-tsakin tuli sun fi haka jefarwa nesa ba kusa ba, don ni kaina shaida ne. Tun daga nan in ina kujerar rabo (ta ƙarshe kafin masu zubin dole biyu) ko wadda ke gabanta, kuma kowa ya jefar har ya iso kaina, ba na barin ta wuce haka nan.

Sai dai ka duba wa kake ƙwacewa. Mai zubi 20 zuwa 30 shi ne abincinka, yana da abin da yake tsoron rasawa. Mai zubi biyar ya riga ya sallama, zai tura duka. Mai babban tuli kuma ba ya jin burgarka.

Mai_Lissafi:
Bari in ƙara a kan maganar Kurma, amma ta ɗaya gefen, domin ni kuskurena kishiyar nasa ne. Ni zafin hannu ya yi mini yawa.

Saura mutum goma sha ɗaya, tebur biyu, ina na huɗu a yawan tsaba. Wanda ya fi kowa ya tura duka daga ƙaramin zubi, ni ina babban zubi da AQ. Ban ko tsaya ba na amsa. Ya buɗe 77, ba abin da ya zo mini, na fita na goma sha ɗaya alhali akwai mutum uku da ko zubi shida ba su da shi. Kwana biyu ina cewa rashin sa'a ne. Ba rashin sa'a ba ne, ni na jawo.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne tsabar gasa ba kuɗi ba ce. Akwai lissafin da ake kira ICM, wanda ke auna darajar tsabarka a kuɗin kyauta, asalinsa daga hanyar da David Harville ya fitar a 1973 don tseren dawaki. Ga misali mai sauƙi. Mutum uku suka rage, kyauta kashi 50, 30 da 20. Ɗaya yana da rabin tsabar duka, na biyu kashi 30, na uku kashi 20. Mai rabin nan haƙƙinsa a kuɗin bai wuce kashi 38 da ɗoriya ba, shi kuwa na ƙarshen nasa ya kusan kashi 29. Ma'ana tsabar da ka ci ba ta kai darajar wadda ka rasa ba. Shi ya sa tura duka da amsa wa wanda ya tura ba abu ɗaya ba ne. Mai turawa yana da hanya biyu ta ci, ko ka jefar ko katinsa ya fi. Mai amsawa hanya ɗaya gare shi. Da AQ ɗin nan a farkon gasa zan amsa har gobe. A wurin da nake kuwa, da gajeru uku suna shirin faɗuwa, jefarwa ce daidai ko da zuciya ba ta so.

Gizo_Gizo:
Malam Mai_Lissafi, ban ƙi taka ba, amma ina tsoron Dogon_Zama ya karanta wannan ya ƙara naɗe hannu. Shi ciwonsa tsoro ne, kai kuma maganin masu gaggawa ka kawo. A gasar mutum dubu takwas, ƙaramar kyauta ba komai ba ce in ka gwada ta da ta ukun farko. Wannan lissafin yana da nauyi sosai a tebur biyu na ƙarshe da teburin ƙarshe, inda kowane mataki kuɗi ne mai yawa. Bayan an shiga kuɗi da mutum dubu a gaba kuwa, matakan ƙanana ne, tara tsaba ya fi.

Mai_Lissafi:
Haka ne, na yarda. Wurin da na ba da labari daban ne da nasa.

Yar_Kujerar_Baya:
Ni abin da ya canza mini wasa ba ƙofar kuɗi ba ce, awa biyu kafin ta ne. Yayana Dogo, ka ce kana isowa da zubi takwas. Tambayar ita ce, lokacin da kake da 18 me ka yi?

Da ina jira har in koma zubi shida kafin in tura, sai in tarar ba wanda ke jefarwa, domin amsa mini ba ta yi wa kowa ciwo. Yanzu in ina tsakanin 14 da 20, kuma wani mai yawan ƙari ya buɗe daga kujerun baya, sai in tura duka a kansa da irin su 66, A10 ko KQ. In ya jefar na ɗebi zubi huɗu da rabi ko fiye ba tare da an buɗe kati ko ɗaya ba. Wannan kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tulina. Sau biyu in na yi haka na koma cikin masu numfashi. In na sauka ƙasa da zubi 10 kuma, babu sauran ƙaramin ƙari, ko in tura ko in jefar.

Wani abu kuma, babban zubi. Na daɗe ina yar da shi kamar ba nawa ba. In mutum ya ƙara zuwa zubi biyu, ni zubi ɗaya kawai zan cika in ga kati uku, a kan huɗu da rabi da ke tsakiya. Ina bukatar in ci kusan sau 18 cikin 100 ne kawai. Ba ina cewa a bi da kowane tarkace ba, amma 97 masu zane ɗaya ba abin jefarwa ba ne a nan.

Tsohon_Hannu:
Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma bari in zuba ruwan sanyi kaɗan. Na fara wannan wasa tun bayan da Chris Moneymaker ya ci babbar gasar WSOP, wato gasar foka ta duniya, a Las Vegas a 2003, ya tashi da dala miliyan 2.5 bayan ya samu kujerarsa ta ƙaramar gasar share fage a shafin foka na PokerStars. Mutum 839 ne suka buga waccan. Gasannin intanet na ranar Lahadi yanzu suna ninka wannan adadi sau da yawa.

Ku lissafa da kanku. In mutum 8,000 suka shiga, wanda zai ci sai ya ninka tulinsa na farko kusan sau 13. AA a kan KK tana ci kusan sau 82 cikin 100. Ka shiga irin wannan sau uku da duk abin da kake da shi, damar ka tsira duka ukun kashi 55 ce kawai. Wannan fa da mafi kyawun kati ke nan, wanda ake raba maka sau ɗaya cikin hannu 221. Na taɓa yin wata biyar ban ga tebur uku na ƙarshe ba, kuma da na koma na duba hannayen ban ga wani babban kuskure ba. Na kuma taɓa kaiwa na uku a daren da na yi wasan da ni kaina na ji kunyarsa.

Abin da ya kusan kassara ni shi ne na ɗauka wannan na ukun gwaninta ce, na haura zuwa gasannin da suka fi ƙarfin aljihuna. Cikin sati shida kuɗin ya koma inda ya fito, har da ƙari. Yanzu ba na shiga gasar da kuɗinta ya wuce kashi ɗaya cikin 200 na abin da na ware, kuma abin da na ware ɗin kuɗi ne da in ya tafi ba zai hana ni barci ba. Mafi yawan masu buga wannan abu asara suke yi, kada wani ya ce ban faɗa ba.

Gizo_Gizo:
Nawa gajere ne. Gajiya. Na taɓa kaiwa saura mutum 40 bayan awa tara a zaune, ga wasu tebura biyar a buɗe. Na danna amsa a inda nake nufin jefarwa, rabin tulina ya tafi. Zuciya ta ɗebe ni, hannu na gaba na tura sauran da K9. Yanzu da na ga na yi nisa a guda ɗaya, ba na sake yin rajistar wata. Hutun minti biyar ɗin nan na ƙarshen kowace awa kuma tashi nake in bar kujerar, ba na tsayawa kallon jerin kyaututtuka. Kallon jerin nan ma shi ke sa hannu rawa.

Kurman_Tebur:
Af, na manta. In gasar mai ladan kai ce, wadda ake ɗora lada a kan kowane ɗan wasa, kuma rabin ladan wanda ka fitar ke shiga aljihunka rabi kuma ya hau kanka, to maganar burga ta ragu. Masu manyan tuli za su amsa maka da abin da ba ka zata ba saboda kuɗin da ke kanka. Na tura zubi 12 da A8 ina jiran a jefar, mutum biyu suka biyo ni, ɗaya da J7.

Dogon_Zama:
Na gode ƙwarai, 'yan'uwa. Tambayar 'Yar_Kujerar_Baya ta sa na koma na buɗe gasar daren jiya. Ina da zubi 19, wani ya buɗe daga kujerar rabo karo na uku a jere, ni ina ƙaramin zubi da 88, na jefar. Saura mutum 260 a shiga kuɗi a lokacin, ko kusa ba a yi ba. Akwai wasu hannaye biyu irin wannan da ban tabbatar ba, ɗaya AJ ne da zubi 16 daga kujera ta biyu. Zan ɗora su nan anjima in na dawo, Mai_Lissafi ka duba mini na biyun don Allah.