Shawarwari ga mai rubuta labarin bala'i don matasa

A wata fadar malaman lise, wato makarantar sakandare, a Tawa an tattauna littattafan Turawa da ke sa yarinya ko yaro ya ba da labarin yadda gidansu ya rayu bayan duniya ta rikice. Tambayar ita ce, in namu zai rubuta irinsa, ina zai dosa?

Mafi yawa sun ce a bar bala'in can nesa, a zauna cikin gida. Mai karatu ba ya jin yunwar duniya, amma yana jin ta uwar da ke auna hatsi da tiya, tana cewa ta riga ta ci alhali ko loma ba ta kai baki ba. Wani dattijo da ya ga farin 1984 ya ce a nuna anza, 'ya'yan wani icen daji da ake ci lokacin yunwa, yadda ake jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. A ganina shawararsa ta fi ta kowa.

Malamin tarihi ya ce sanadin bala'in ya zama mai yiwuwa: dutsen Tambora na Indonesiya ya yi aman wuta a 1815, toka ta rage zafin rana, amfanin gona ya lalace a Turai da Amurka a 1816.

Inda aka yi gardama shi ne maƙwabta. A littattafan can, iyali kan kulle ƙofa su ɓoye abinci. Wasu suka ce Ba'adare, wato mutumin yankin Adar inda Tawa take, ba zai yarda da jarumar da ta hana gwaggonta fura ba. Wata malama ta ce a bar jarumar ta hana ɗin, sannan a nuna yadda take kasa haɗa ido da gwaggon a bakin rijiya.