Fasfon farko ga wanda ya zama ɗan Najeriya: abin da aka tattauna a Sabon Gari

Masu sanin harkar sun haɗu a kan abu guda: baƙon da ya samu zama ɗan ƙasa ƙarƙashin sashe na 27 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ba ya neman takardar shaidar ƙaramar hukuma. Takardar zama ɗan ƙasa da Shugaban Ƙasa ya amince da ita ce madadinta. A je da ta asali, a ajiye kwafi a gida.

Inda aka fi daɗewa shi ne lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Da yawa sun yi rajistarta tun suna baƙi, don haka sai a fara zuwa NIMC, hukumar da ke ba da lambar, a gyara bayanin ƙasa. Sunan mutum da ranar haihuwarsa su zo daidai harafi da harafi a duk takardun. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya tsayar da aiki makonni.

Sannan a cike fom a shafin Hukumar Shige da Fice, a biya ta intanet, ba hannun ɗan kamasho ba, a je ɗaukar hoto da yatsu. Fasfo mai shafi 32 shekara 5 yake yi, mai 64 kuwa shekara 10. Ɗan kasuwa mai yawan tafiya, na biyun ya fi masa.