OSPF ya bar faiba yana bin rediyo, ina matsalar take?

Abdul_Kofar Kaura:

Assalamu alaikum injiniyoyi. Akwai rauta (na'urar da ke raba wa bayanan intanet hanya) uku na kamfanin Cisco a cikin garin Katsina: ɗaya a Ƙofar Ƙaura inda intanet ke shigowa, ɗaya a Ƙofar Marusa, ɗaya a Ƙofar Guga. Ƙaura zuwa Marusa faiba ce mai gigabit 1, Marusa zuwa Guga ma haka. Sai kuma rediyo, wato haɗin da ke bi ta iska ba waya, kai tsaye daga Ƙaura zuwa Guga, wadda aka ajiye don ranar da faiba ta yanke, bakinta, wato inda ake jona ta da rauta, megabit 100 ne. OSPF, tsarin da rauta ke bi wajen zaɓar hanya, ya tashi, duk maƙwabta suna nuna Full, wato sun gama musayar bayanai, amma traceroute, umarnin da ke nuna hanyar da kaya ke bi, ya nuna kayan Guga ta rediyo suke bi, faiba tana zaune. Me ke sa shi zaɓar hanya mai rauni? Kuma a taimaka a bayyana mini yadda yake yanke hukunci, don in daina canza saiti da ka.

Injiniya Mustapha:

Wa alaikumus salam. Rautarka lafiyarta ƙalau, lissafin da aka ba ta take bi.

RIP, wani tsohon tsarin zaɓar hanya, da ire-irensa aikin ji-ta-ji-ta suke yi: kowace rauta tana gaya wa maƙwabciyarta "ina kai wa wuri kaza da tsalle kaza" duk daƙiƙa 30, ita kuma ta yarda ba tare da ta ga hanyar ba. OSPF da ɗan'uwansa IS-IS ba haka suke ba. Kowace rauta tana bayyana layukan da ke jikinta ne kawai: wa take haɗe da shi, kuma nawa ne farashin kowane layi. A OSPF wannan bayanin shi ne LSA, ana watsa shi daga rauta zuwa rauta ba tare da an sauya shi ba, har kowa a yankin ya samu. A ƙarshe duk rauta ukun suna riƙe da taswira iri ɗaya. Daga nan kowacce ta sa kanta a matsayin tushe, ta yi lissafin Dijkstra, wanda aka wallafa tun 1959, ta fitar da hanya mafi ƙarancin farashi zuwa kowane wuri.

To ga inda ka faɗa. Cisco yana samun farashin layi ta hanyar raba megabit 100 da gudun bakin. Bakin megabit 100 ya ba da 1. Bakin gigabit ya ba da 0.1, amma farashi ba ya sauka ƙasa da 1, don haka shi ma 1. Rediyo tsalle ɗaya, farashi 1. Faiba tsalle biyu, farashi 2. Ɗaya ya fi biyu arha, shi ke nan.

Shiga ƙarƙashin `router ospf` ka sa `auto-cost reference-bandwidth 10000` a kan duka ukun. Gigabit zai koma 10, megabit 100 ya koma 100, faiba ta zama 20 a kan 100 na rediyo. Ka tabbata lambar ɗaya ce a ko'ina, don wannan saitin ba ya yawo tsakanin rauta. Duba sakamako da `show ip ospf interface`.

Hajiya Rabi Daura:

Malam Abdul, ka riƙe abin da Injiniya ya faɗa, ga ƙari. Rauta ba ta san abin da rediyo ke ɗauka a sama ba, gudun wayar da ke tsakaninta da rediyon kawai take gani. Ranar da aka canza rediyon zuwa mai bakin gigabit, farashinta zai koma 10, ta sake doke faiba mai 20, alhali a iska ko megabit 50 ba lallai ta kai ba. Ni shawarata a rubuta farashin da hannu a kan bakin rediyo, `ip ospf cost 500`, a huta.

Kuma a sa shi a ɓangarorin biyu. Farashi na fita ne, kowace rauta nata take lissafawa. Idan Ƙaura kaɗai aka gyara, kaya za su tafi ta faiba su dawo ta rediyo, kuma duk wata garkuwa (firewall) da ke bin diddigin haɗi a kan hanyar za ta riƙa zubar da su. Masu rautar kamfanin MikroTik su lura, shi ba ya ɗauko farashi daga gudun layi, dole a rubuta.

Abdul_Kofar Kaura:

Allah ya saka da alheri, yanzu faiba yake bi. Amma da aka cire faibar don gwaji sai da ya yi kusan daƙiƙa 40 kafin ya koma rediyo.

Injiniya Mustapha:

Wannan lokacin mutuwar maƙwabci ne. Rauta tana aika Hello duk daƙiƙa 10 zuwa adireshin 224.0.0.5, idan ta yi daƙiƙa 40 ba ta ji amsa ba sai ta ce maƙwabci ya tafi, ta fitar da sabon LSA, kowa ya sake lissafi. Da bakin rautar ne da kansa ya mutu, nan take za ta sani. Da alama akwai na'urar juya faiba zuwa waya ko suwic a tsakani, wadda ke barin fitilar bakin a kunne ko da faibar ta yanke. Kunna BFD, tsarin duba lafiyar layi da sauri, a layukan faiba, yana gano yankewa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Sannan tunda rauta biyu ne kawai a kowane layi, sa `ip ospf network point-to-point` a ɓangarorin biyu, ba sai an tsaya zaɓen DR da BDR ba, wato rautar da ke wakiltar layi da mataimakiyarta.

Hajiya Rabi Daura:

BFD a faiba na yarda, amma kada a matse lokaci a kan rediyo. Iskar farkon damina tana girgiza kwanon rediyo a kan hasumiya, fakiti kaɗan su ɓace, layi ya faɗi ya tashi, kuma kowane faɗuwa sabon LSA ne da sabon lissafi ga duk yankin. Bar mata 10 da 40 ɗinta.

Idan ka taɓa lokutan, su zama daidai a ɓangarorin biyu, in ba haka ba ko maƙwabtaka ba za ta ƙullu ba. Haka lambar yanki, wato rukunin da OSPF ke haɗa rauta a ciki, da kalmar sirri. Idan kuma wata rana ka ga maƙwabci ya maƙale a ExStart ko Exchange, matakan da ke kafin Full, duba MTU, wato iyakar girman fakiti, galibi ɗaya 1500 ne ɗayan kuma an rage shi. Rauta uku ba sa buƙatar raba yanki, bar su duka a yanki na 0, ka ba kowacce router-id, wato lambar shaida, nata daban da hannu, domin idan biyu suka yi tarayya a lamba ɗaya za su riƙa goge LSA ɗin juna.