Tis Abay da ƙaramin guzuri: waɗanda suka je su ba mu labari

Ɗan Maiwurno

Assalamu alaikum jama'a. Tun ina yaro nake wanka a kogin Blue Nile da ya ratsa ta gefen garinmu a nan Sudan, ina jin manya suna cewa daga Habasha yake gangarowa, wai akwai inda yake faɗowa daga saman dutse har ya tayar da hayaƙi. Na san yanzu ba lokacin yawon buɗe ido ba ne, amma ina tara 'yan kuɗi don ranar da Allah zai kawo zaman lafiya. Waɗanda suka taɓa zuwa wannan magangarar ruwa ta Tis Abay da jaka a baya, ba jirgi ba babban otal, don Allah ku faɗa mana yadda kuka yi. Har wuyar da kuka sha, kada a ɓoye mana.

Direban Gadarif

Wa alaikumus salam ƙanena. Sau biyu na je, duk kafin korona. Biza a Khartoum na yo ta. Daga Gadarif zuwa Gallabat wajen kilomita 150 ne, ka sauka ka tsallaka 'yar gada da ƙafa, kana hayewa ka shiga Metema ta Habasha. A nan za ka canza kuɗi zuwa bir, kuɗin Habasha, amma iya na mota da abincin kwana biyu, kuma ka ƙirga a gaban mai canjin tun kafin ka miƙa naka. Daga Metema ƙaramar bas ce zuwa Gondar, wajen kilomita 180, hawa ne kawai. Na bar Gallabat ina sharce gumi cikin jallabiya, da magariba a Gondar haƙorana na kaɗawa, don garin ya haura mita 2,000 a sama. Dole na sayi bargo da kuɗin da na ware na abinci. Ka tafi da rigar sanyinka tun daga gida. Washegari ka kama motar Bahir Dar, birnin da ke kusa da magangarar, ita ma tafiyar kusan haka take. Ƙananan masaukai na kusa da tasha sun fi araha, sai dai ka ce a nuna maka ɗakin da banɗakin kafin ka biya.

Uwar 'Yan Biyu, Kassala

Yaya direba ka manta da agogo, ga shi kuwa shi ya cinye mana kuɗi ni da maigidan. A Gondar muka sayi tikiti aka ce mota ƙarfe 12 za ta tashi. Muka yi barcinmu, muka karya a natse, muka isa tasha da hantsi muna ganin mun yi sammako. Ashe motar ta tafi tun da asuba. Su daga fitowar rana suke fara ƙirgen awa, ƙarfe 6 na safenmu shi ne 12 ɗinsu, 7 namu shi ne 1 nasu. Tikiti ya ƙone, ga kuɗin ƙarin kwana. Maigidan ya yi ta faɗa, amma babu wanda ya cuce mu, mu ne ba mu tambaya ba. In an faɗa maka lokaci, nuna agogon wayarka ka ce a nuna maka da yatsa.

Malami Mai Ritaya, Sinnar

Ɗana na Maiwurno, duk abin da suka faɗa maka gaskiya ne, amma babba shi ne watan da za ka tafi. Ni a Afrilu na je, don a lokacin na samu hutu. Na yi kwana uku a hanya, na yi tafiyar kilomita 30 daga Bahir Dar a kan hanyar burji mai ƙura, na hau tudu ina haki, na leƙa. Baƙin dutse tsirara na gani, faɗinsa ya cika ido, ga ɗan ruwa yana zuba a gefe ɗaya kamar an buɗe famfon masallaci. Na zauna na yi dariya ni kaɗai.

Dalili biyu ne. Rani ne, na farko. Na biyu, tun farkon shekarun 2000 tashar lantarkin da ke wurin ta fara karkatar da mafi yawan ruwan kafin ya iso bakin dutsen, sannan a 2010 aka buɗe aikin Tana Beles da ke jan ruwa daga tabkin Tana kansa, inda kogin ke fitowa. Hoton da ke bayan tsohuwar takardar bir ɗaya, wanda ya ja ni zuwa, na zamanin da ne. Tsayin faɗowar wajen mita 42 ne, kuma a cikar damina faɗinsa kan kai mita 400. Damunarsu daga Yuni zuwa Satumba take, ita ce ta saba aiko mana jan ruwan nan mai laka da ke cika madatsar Sinnar. A da kogin ƙofar gidanku kawai za ka duba: in ya yi ja ya tumbatsa, can ma biki ake.

Abin da ya rage mini asara shi ne tsohuwar gadar dutse da ke ƙasa da magangarar, wadda aka gina a 1626 zamanin Sarki Susenyos. Har yau mutane da jakuna suna bi ta kanta.

Mai Agashe, Wad Madani

Baba malam Allah ya ba da haƙuri, ni naka ne ya zama darasina, don wani abokina ya sha irin taka. Ƙarshen Agusta muka je mu uku. Tun muna kan tudu, ba mu ga komai ba tukuna, muke jin rugugi a ƙirjinmu. Da muka ɓullo sai ga ruwa ja wur yana zubowa, feshinsa ya tashi sama kamar an cinna wa daji wuta. Sunan ma abin da yake nufi ke nan, hayaƙin Abay, Abay kuwa shi ne sunan kogin a wurinsu. Abokina yana gefena yana magana, bakinsa kawai nake gani yana motsi. Muka jiƙe sharkaf ba tare da an yi ruwan sama ba.

Amma an sha taɓo. Silifas na sa, ɗaya ya maƙale a laka, na ƙarasa ba takalmi. Wayar ɗayanmu ta sha ruwa ta mutu, hotunan duk suka tafi. Ka sa waya da fasfo a leda. Akwai kuma wata gada mai lilo ta ƙarfe a kan kwazazzabo, wadda babbanmu, mai cika baki a Madani, ya tsallaka yana salati da ido a rufe.

Mota ta gama-gari muka shiga daga tashar Bahir Dar tare da 'yan ƙauye da kajinsu, ba ta masu yawon buɗe ido ba, bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. A ƙauyen Tis Abay ake yankar tikitin shiga. In za ka ɗauki ɗan jagora ku gama ciniki tun a nan. Kuma ka tambayi lokacin motar ƙarshe ta komawa.

Malami Mai Ritaya, Sinnar

Agusta ta yi tsauri ga mai shekaru irina. Da zan koma, ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba zan zaɓa: ruwa na nan, sama ta ɗauke, ƙasa ta fara tsanewa.

Uwar 'Yan Biyu, Kassala

Mu ma a Oktoba muka je, Baba, kuma ruwan ya ƙayatar. Batun ci kuma, wanda ya saba da kisra, wainarmu ta dawa, ba zai sha wuyar tasu wainar injera ba, ta dai fi kauri da tsami. Shiro, miyar garin wake ce, ita ta riƙe mu, ga araha ga ƙoshi. Laraba da Juma'a Kiristocinsu na azumin nama, sai ka samu faranti cike da ganye da wake kala-kala. Nama kuwa mahautan Musulmi daban suke, ka tambayi unguwar masallaci za a nuna maka. Na tafi da dabino da soyayyar gyaɗa, sun yi mana rana a mota. Kofi kam kamar a Kassala, har tukunyar jabana suke ce mata.

Baƙo a Jidda

Ɗan'uwa, ni ta Gallabat na fita a 2023 bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilu, ba yawo ya kai ni ba. Na bi ta Gondar ban ko tuna da wata magangarar ruwa ba. A shekarar kuma faɗa ya tashi a yankin Amhara, inda Gondar da Bahir Dar suke. Ka ci gaba da tarinka, amma kada ka ɗaga ƙafa sai ka ji daga bakin wanda ya bi hanyar a makon.

Ɗan Maiwurno

Allah ya saka da alheri, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na rubuta: Oktoba, rigar sanyi, takalmi sau ciki, leda, agogo. Yaya direba, wace tsaraba ake kawowa daga can wadda ba za ta karya aljihu ba?

Direban Gadarif

Ɗanyen kofi, ƙanena. Kada dai ka yi irin tawa. A zuwana na biyu na cika gora da ruwan wurin, na yi ta dakonta har gidan innata a Damazin da ke bakin kogin nan, na miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗaga ta duba, ta ce wanda na baro a can ai ya riga ni isowa, da shi ta wanke tukwane da safe. Ta juye wa awaki.