Wai Raffles ne ya "gano" Borobudur?

Baffa Sani: Jiya na yi dogon rubutu kan Borobudur, babban wurin ibadar mabiya Buddha a tsibirin Java na Indonesiya, ko mutum ɗaya bai tanka ba. Da hoton biki na sa da tuni an cika nan. Gini ne fa na wajen ƙarni na 9, zamanin sarakunan Sailendra, hawa tara, mutum-mutumin Buddha 504, babu siminti, duwatsu aka sassaƙa aka harɗe. Daji ya cinye shi har Raffles, Baturen Ingila da ke mulkin Java a lokacin, ya gano shi a 1814.

Ladidi: Gano kuma, Baffa? Irin ta Mungo Park da kogin Kwara ke nan. Mutanen Java ne suka ba shi labarin wurin. Shi ko zuwa bai yi ba a lokacin, injiniya Cornelius ya tura da mutum 200 suka sare daji.

Auwal Fagge: To wa ya biya masu saran? Abin da ka bari ciyawa ta rufe, wanda ya tono shi ne ya gano.

Ladidi: In ɓarawo ya share maka tsakar gida, gidan ya zama nasa? A 1896 Turawan Holan masu mulkin Java suka bar Sarkin Siyam, wato Thailand ta yau, ya kwashi sassaƙe amalanke takwas.

Auwal Fagge: Ɓarawo? Hajiya, ki iya bakinki. Sarkin Siyam Bature ne?

Malam Habu: Ku bar wannan. Na ji wani malami can yana cewa aljanun Annabi Sulaiman ne suka gina shi, har akwai gari kusa mai suna Sleman.

Ladidi: Haba Malam! Annabi ya gina wurin gumaka? Tsakaninsu ma shekara fiye da 1,500 ne.

Malam Habu: Ni ji na yi. Ke da kika san komai, kin taɓa wuce Zariya?

Baffa Sani: Jama'a, maganar gyaran UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, nake son mu yi, yadda aka kwance duwatsu fiye da miliyan aka mayar.

Auwal Fagge: Ta janye "ɓarawo" tukuna.

Shugaban zaure: An rufe. A taƙaice, Auwal ya kawo hujja, Hajiya Ladidi ta kawo zafin rai. Batun aljanu a bar wa malamai. Baffa, gobe ka rage tsawon rubutu.