BiVO4 ya ƙi nuna sauyi a DSC, ina matsalar take?

Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum malamai. An dumama garin BiVO4 (sinadarin bismuth vanadate) a na'urar DSC, mai auna zafin da abu ke haɗiyewa ko fitarwa, har 300°C, amma babu tsinin da ya fito a layin sakamakon kusa da 255°C, inda ya kamata tsarin jerin ƙwayoyin zarrarsa ya juya daga wanda ake kira monoclinic zuwa wanda ake kira tetragonal. Samfurin ne ya lalace?

Malama daga Daura:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka jira tsini. Wannan sauyin a hankali yake zuwa, ba ya haɗiye zafi lokaci guda, ɗan tudu kawai za ka gani a layin. Zuba miligiram 15 zuwa 20, ka danne shi ya kwanta a gindin kaskon, ka hau da 10°C a minti. Fara gudanar da kasko babu komai, ka cire layinsa daga naka. In ba haka ba, karkatar na'urar ta binne tudun.

Malamin fiziks, Katsina:
Gaskiyar Malama. Amma fara tabbatar da abin da ke hannunka. Wanda aka haɗa cikin ruwa ba zafi yakan fito da wani tsari dabam da ake kira zircon, shi kuwa ba ya wannan sauyin sam. Gasa shi a 500°C ya koma monoclinic, launinsa ya zama rawaya mai haske.

A XRD (gwajin gano tsarin abu da hasken X-ray) da Cu Kα (X-ray ɗin da ke fitowa daga jan ƙarfe), duba kusa da kusurwar 35°: in monoclinic ne, tsini biyu ne manne da juna. Da zafi ya kusanci 255°C suna matsowa, har su zama ɗaya.

Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura:
Na gode malamai, gobe zan fara da XRD ɗin.